Wane fad da faifan birki ya dace da motar zuwa aiki da ake shiga filin tsere da ita jefi-jefi?

Mai Golf:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan harka. Ina zaune a Leicester ta ƙasar Ingila, kuma motata Volkswagen Golf GTI ce ƙirar Mk7, wadda faɗin faifan birkinta na gaba milimita 312 ne. Da ita nake zuwa aiki, da ita nake kai yara makaranta, amma tun bara na fara shiga filin tsere na Donington Park a ranakun da ake buɗe filin ga masu motocin gida, inda mutum zai biya kuɗi ya yi gudu ba tare da yana gasa da kowa ba. Ba na zuwa sai jefi-jefi, galibi a watannin zafi.

A zuwana na ƙarshe, bayan 'yan zagaye kaɗan birkin ya fara rauni. Da farko fedar tana nan da taurinta amma motar ba ta rage gudu kamar yadda ta saba, ga kuma warin ƙuna. Daga baya fedar ta yi laushi ta fara nutsewa, dole na fita daga filin. Tun daga ranar, idan na taka birki a babbar hanya sai sitiyari ya riƙa karkarwa. Fad ɗin da ke kai, wato abin da ke matse faifai idan an taka birki, na titi ne, wanda wani gareji ya saka mini. Shin akwai fad guda da zai yi mini aikin titi da na fili gaba ɗaya? Kuma faifai mai huji, wanda nake gani a jikin manyan motocin gudu, shi ne maganin wannan zafin, ko kuwa ado ne kawai?

Bakaniken Birmingham:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka bayyana matsala biyu ce da suka zo a jere, kuma yana da muhimmanci ka raba su, domin maganin kowace daban ne. Lokacin da feda take da tauri amma mota ta ƙi tsayawa, fad ne ya wuce zafin da aka yi shi dominsa: danƙon da ya haɗa kayan cikinsa ya fara ƙonewa, kamunsa a jikin faifai ya ragu, kuma shi ne warin da ka ji. Lokacin da feda ta yi laushi kuwa, man birki ne ya tafasa a cikin kalifa, wato gidan fistin da ke tura fad a jikin faifai. Ruwa ba ya matsuwa, shi ya sa yake kai ƙarfin ƙafarka zuwa taya, amma da zarar ya zama tururi sai ƙafarka ta riƙa matse iska maimakon tura fistin. Wannan na biyun ya fi haɗari nesa ba kusa ba.

Dalilin da fili yake dafa birki haka shi ne zafin yana ƙaruwa ne da ninkin gudu sau kansa. Motar da aka tsayar daga kilomita 160 a awa tana zuba wa birki zafi ninki huɗu na wanda za ta zuba daga kilomita 80, ba ninki biyu ba. A titi za ka taka sau ɗaya ka yi tafiya mai nisa birkin yana hucewa, a fili kuwa kafin ya huce wata kwanar ta iso, har faifan gaba ya wuce digiri 500 a ma'aunin Salshiyas.

Saboda haka ina ba ka shawara ka fara da man birki kafin ka sayi komai, domin shi ne mafi araha kuma shi ne mafi saurin nuna bambanci. Ƙa'idar ajin man birki na DOT 4 ta ce sabon mai kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma man yana shan danshin iska a hankali, kuma idan ya sha ruwa ƙa'idar ta sauko zuwa digiri 155 kawai. Idan man da ke motarka ya yi shekara biyu ko uku, to kusa da adadi na biyu yake, ba na farko ba. ATE Typ 200 yana kai digiri 280 yana sabo, Motul RBF 600 yana wuce 300, Castrol SRF kuwa fifikonsa shi ne ko ya sha danshi yana riƙe kusan digiri 270, sai dai yana da tsada. Kada ka kusanci DOT 5, wanda aka yi da silikon, domin ba ya haɗuwa da sauran kuma bai dace da mota mai ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, ba, DOT 5.1 daban yake duk da kamannin suna.

Game da fad, akwai ajin tsaka-tsaki da aka yi domin irinka, kamar Ferodo DS2500 da EBC Yellowstuff da Hawk HP Plus. Suna kamawa da sanyin safiya, suna kuma jure zafin da ya fi ƙarfin fad na titi. Farashin da za ka biya shi ne baƙar ƙura a jikin wili, da ƙara idan kana tsayawa a hankali, musamman a HP Plus. Ka guji fad na siramik irin wanda ake tallatawa saboda rashin ƙura da rashin ƙara, domin an yi shi ne don jin daɗin titi, ba don jure zafin fili ba.

Ɗan Fili:

Na yarda da duk abin da Malam Bakanike ya faɗa a kan man birki, amma a kan fad ina da wani ra'ayi, kuma ina ganin ya kamata Malam Mai Golf ya ji shi kafin ya kashe kuɗinsa. Fad na tsaka-tsaki yana isar mutum ne muddin yana sabon shiga kuma yana kan tayar titi. Da zarar hannunsa ya faɗa, ya fara jinkirta taka birki har bakin kwana, ko kuma ya saka taya mai ƙarfin kamu, zai sake iske kansa a inda yake yau, domin iyakar zafin kawai aka ɗaga masa, ba a cire ta ba. Donington ba fili ne mai sauƙi ga birki ba idan aka buɗe doguwar da'irar, wadda ta kai kusan kilomita 4, saboda a ƙarshen zagaye akwai taka birki mai nauyi sau uku a jere: a Esses, a kwanar Melbourne, sannan a Goddards, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta isa faifai ya huce ba.

Akwai kuma abin da ya shafi wannan motar musamman. GTI da ke da faifai 312 ba ta da na'urar hana tayar gaba juyin banza da ake sakawa a samfurin Performance, wanda faifansa 340 ne. A maimakon haka kwamfutar motar tana ɗan taka wa tayar cikin kwana birki da kanta domin kada ta yi juyin banza, tsarin da ake kira XDS. Ma'ana, ko a lokacin da ƙafarka take kan totur kana fita daga kwana, birkin gaba yana aiki yana tara zafi. Wannan ya sa masu irin motar suke dafa fad da wuri fiye da yadda suke zato.

Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne saiti biyu: fad na titi mai kyau na kullum, da fad na fili zalla irin su Pagid RSL29 ko Carbotech XP10, a saka shi ana gobe tafiya a cire bayan an dawo. Sauya fad na gaba a wannan motar ba aiki ne mai wuya ba ga wanda yake da jak da sifana. Ba na ba da shawarar a bar fad na fili a kai ana yawo cikin gari, domin an yi shi ne ya yi aiki da zafi. Da sanyi yana cin faifai, yana ihu, kuma wasu nau'o'in kamunsu yana da rauni a takawar farko, wadda a watan Janairu a Ingila tana iya zama takawar da yaro ya tsallako titi. Ga mai kai yara makaranta wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Sai batun doka. A Turai da Birtaniya akwai ƙa'idar ECE R90, wadda ta tanadi cewa fad ɗin da za a sauya a motar titi kada kamunsa ya bambanta da na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari. Fad na fili zalla ba ya ɗauke da wannan shaida, kuma ko a ajin tsaka-tsaki ba duka ne suke da ita ba, saboda haka ka duba kwalin da bayan fad ɗin da idonka. Ka kuma sanar da kamfanin inshorarka duk wani sauyi, kana sane da cewa inshorar titi ta yau da kullum ba ta ɗaukar abin da ya faru a cikin fili.

Injiniya:

Bari in taɓa faifai, tunda shi ne rabin tambayar kuma ba a amsa shi ba. Malam Mai Golf, kada ka sayi mai huji. Kowane huji wuri ne da ƙarfe yake faɗaɗa da tsukewa ba daidai da kewayensa ba, kuma a ƙarƙashin zafin fili tsaga takan fara ne daga bakin hujin ta doshi na kusa da shi ko gefen faifan. An fara huda faifai ne a zamanin da fad yake fitar da iskar gas mai yawa idan ya yi zafi, abin da ya ragu ƙwarai a kayan yanzu. Bugu da ƙari, hujin yana rage nauyin ƙarfen, alhali nauyin nan shi ne ma'ajiyar da ke shanye zafi. Faifai sumul mai ramukan iska a tsakiya, daga kamfanin da aka sani kamar Brembo ko ATE ko Zimmermann, ya ishe ka, kuma ya fi araha, abin da yake da amfani tunda faifai kayan ƙarewa ne ga mai shiga fili. Mai zane-zanen tsagi a fuska ba shi da laifi, yana share fuskar fad yana sa kamu ya daidaita, sai dai yana ɗan ƙara cin fad.

Karkarwar sitiyarin da kake ji, mutane da yawa za su ce maka faifan ya lanƙwashe, amma a mafi yawan lokuta ba haka ba ne. Fad ɗin da ya wuce zafinsa yana shafa kayansa a jikin faifai faci-faci, wani wuri da kauri wani wuri babu, musamman idan aka tsaya cak ƙafa tana kan birki alhali ƙarfen yana da zafi. Bambancin kaurin da ido ba ya gani ya isa ya girgiza sitiyari. Idan abin bai yi nisa ba, sabon fad mai ɗan kaushi yana iya share shi. Idan kuwa ka ga tabo mai duhu ko shuɗi wanda ya ƙi fita, ƙarfen wurin ya taurare, sai sauyi. Ka sa a auna kaurin ma: sabonsa milimita 25 ne, kuma mafi ƙarancin da aka yarda da shi, 22, yana rubuce a jikinsa.

Duk fad ɗin da ka zaɓa, ka zaunar da shi a kan faifan kafin ka shiga fili. A hanyar da babu kowa, ka taka birki da ƙarfi daga wajen kilomita 100 zuwa kusan 15 sau takwas ko goma a jere ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka yi tafiyar mintoci ba ka taɓa birki ba har ya huce, sai dai idan takardar kamfanin ta faɗi wata hanya, to ita za ka bi. Wannan ne yake shimfiɗa siririn kayan fad daidai-wa-daida a fuskar faifai. A nan ne nake da ɗan tsokaci a kan saiti biyu: idan ana sauya fad iri biyu a kan faifai guda, kayansu suna iya ƙin jituwa su haifar da wannan karkarwar, don haka ko dai a zaɓi biyun daga kamfani ɗaya wanda ya ce suna jituwa, ko a sake zaunarwa a kowane sauyi.

Mai Golf:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tunda har yanzu ina kan tayar titi kuma zuwana kaɗan ne, na fi karkata ga sabon man birki da faifai sumul da fad na tsaka-tsaki mai shaidar R90, in ga yadda zai riƙe. Saura abu biyu: shin dole ne in sauya na baya ma, kuma ko ya fi mini in tara kuɗi in sayi babban saitin kalifa da faifai gaba ɗaya?

Bakaniken Birmingham:

Zaɓinka ya yi daidai da matakin da kake, Malam. A mota mai jan gaba irin taka birkin gaba ne yake ɗaukar mafi yawan aikin, saboda haka fad na baya mai inganci na titi zai iya zama, in dai yana da kauri. Idan za ka sauya shi, ka tuna birkin ajiye motar na lantarki ne, sai an sa kwamfuta ta janye shi kafin a tura fistin, in ba haka ba a lalata kalifar.

Babban saiti kuwa ka dakata da shi. Idan birkinka na yanzu yana iya tayar da ABS, to ya riga ya fi ƙarfin tayar, kuma babban faifai ba zai rage maka nisan tsayawa a takawa ɗaya ba. Amfaninsa shi ne jure zafi, kuma akwai hanyoyi masu araha da za ka bi kafin ka kai can. Kada ka shiga fili da fad da ya ci fiye da rabi, domin siririn fad yana miƙa zafi ga fistin da mai da sauri. Ka taƙaita kowace fita zuwa minti goma sha biyar ko ashirin, ka yi zagaye na ƙarshe a hankali kusan ba birki, kuma idan ka dawo wurin ajiya ka kashe Auto Hold, tsarin da ke riƙe birki da kansa idan mota ta tsaya, kada birkin ajiyewa ya matse faifai mai zafi. Ka bar motar a giya a wuri mai lebur, ko ka sa mata waigi. Bayan kowace rana ka cire tayar gaba ka duba kaurin fad ciki da waje, ka duba faifan ko akwai tsagar da farce zai iya kamawa, sannan ka fitar da ɗan mai daga kowace kalifa kafin zuwa na gaba. Idan ka yi duk wannan kuma fedar ta ci gaba da tauri amma motar ta ƙi tsayawa a kwanar Melbourne, to lokacin saiti biyun da Ɗan Fili ya faɗa ya yi.