Wace hular kwano ta keke ce ta dace da zafin Accra?

Ɗan Nima ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin harkar keke game da hular kwanon da mutum zai iya jurewa a zafin garin nan. A Nima nake zaune, wurin aikina kuma yana Kaneshie, saboda haka a kan keke nake bi ta Circle safe da yamma, domin kuɗin trotro, wato motar haya, ya yi mini yawa, ga kuma cunkoson da mai keke kan ratsa ya wuce ya bar masu mota a tsaye. Hular da nake da ita mai zagaye ce mai kaurin baya, da 'yan ƙananan kafofi a samanta, kuma tun da watan Maris ya kama ba na iya jure ta, domin kafin in kai rabin hanya gumi ya cika mini ido, har takan kai ni ga cire ta in rataya a hannun keke idan rana ta take.

Abin da nake so in sani shi ne, shin hula mai manyan kafofin iska tana kare kai kamar wadda take a rufe, ko kuwa yawan kafofin yana raunana ta? Sannan na ga na gwanjo masu kyan gani da araha a wajen kasuwar Kantamanto, wani abokina kuma ya ce in sayi ƙaramar hular babur ko irin ta magina in huta. Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Mai hawan Aburi ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ina cikin masu hawa tudun Aburi daga Ayi Mensah a ƙarshen mako, inda mutum yake tafiya a hankali rana tana dukansa, don haka wannan magana ta shafe ni ƙwarai. Hular da ka kwatanta an ƙera ta ne don masu wasan tsalle-tsalle da masu gajeriyar tafiya a garuruwa masu sanyi, ba don mai ratsa Accra a watan Maris ba, lokacin da zafin rana kan kai digiri 32 ko 33, ga kuma laimar teku da ke hana gumi bushewa. Jiki yana samun sanyi ne idan gumi ya bushe a kan fata, kuma a gari mai laima kamar namu ba abin da ke busar da shi sai iska mai wucewa. Ke nan abin nema shi ne hular da iska za ta shiga ta gaba, ta shafi fatar kai, ta fita ta ƙeya.

Kada ka tsaya ƙidayar kafofi, ko da yake masu sayarwa da ita suke tallar kayansu. Ka kifa hular ka duba cikinta. A hula mai kyau za ka ga an sassaƙa hanyoyi masu zurfi a cikin farin soson, sun taso daga manyan kafofin goshi sun miƙe har zuwa kafofin baya, ta yadda idan ka saka ta akwai fili tsakanin gashinka da soson. Lamarin kamar ɗakunanmu na zango ne: ɗaki mai taga ɗaya ba ya yin sanyi ko da tagar tana da girma, sai an sami wata a ɗaya bangon da iskar za ta fita. Hula mai kafofi 12 da hanyoyi masu zurfi takan fi mai kafofi 25 da cikinta yake shafe. Idan kana shagon, ɗaga ta ka leƙa ta kafar gaba. In kana iya hango haske ta baya, to iska ma za ta sami hanya.

Game da tsoron da kake yi na rauni, hankalinka ya kwanta muddin hular ta ci jarrabawar inganci. Abin da ke kare kai shi ne soson nan mai tauri da ake kira EPS, wanda yake murƙushewa lokacin faɗuwa ya shanye ƙarfin dukan kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Hula mai kafofi da marar kafofi duk gwaji ɗaya ake yi musu, kuma masu ƙera ta sukan ƙarfafa ginshiƙan da ke tsakanin kafofin, su kuma haɗa soson da siririn bawon roba na waje tun a wurin zubi, domin kada ta tarwatse. Shi ya sa mai iska sosai takan fi tsada. Ko ƙwararrun 'yan tsere sun daɗe suna ƙin hula saboda zafi, sai da ɗan tseren Kazakistan Andrei Kivilev ya rasu bayan ya faɗi babu hula a tseren Paris zuwa Nice a watan Maris na 2003, sannan hukumar tseren keke ta duniya ta wajabta ta a cikin shekarar ta 2003. Yau mutanen nan suna yini da ita a tsakiyar zafin Yuli a Faransa, kuma nauyin irin tasu bai cika wuce giram 200 zuwa 300 ba.

Makanikin keke, Sabon Zongo, ya amsa:

Yarona, abin da ɗan'uwanmu ya faɗa a kan iska gaskiya ne, ni kuwa a kan gwanjo zan tsaya, domin kullum ana kawo mini irinsu tare da kekunan da ake saukewa daga kwantena. Keken gwanjo ba laifi, ana gyara shi ya dawo garau. Hula kuwa ba a gyara ta. Soson nan sau ɗaya yake aiki. Da zarar ya sha duka ya murƙushe ba ya komawa yadda yake, kuma sau da yawa bawon waje yana nan da sheƙinsa alhali ciki ya tsage. Wanda ya jefa hularsa cikin kayan da za a aiko Afirka bai rubuta maka dalilin da ya sa ya rabu da ita ba, sannan an danne ta a ƙarƙashin kaya masu nauyi, ta yi makonni cikin zafin kwantena a kan teku. Nakan ɓare 'yan matasan da ke ciki in nuna wa mai saye siririn layin tsagewa da ya bi ta gefen kunne, wanda ba zai taɓa gani ba idan daga waje ya duba.

Ko sabuwa ce, ka nemi takardar da aka manna a cikinta. Ta Turai za ka ga an rubuta EN 1078 tare da alamar CE, ta Amurka kuma CPSC, wadda doka ta wajabta a can tun 1999. A takardar akwai sunan kamfanin, da girman hular a santimita, da watan da shekarar da aka ƙera ta. Idan babu takarda, ko soson yana lotsewa da sauƙi idan ka danna da babban yatsa, ko maɗaurin yana zamewa idan ka fizge shi, to ajiye musu kayansu. Akwai jabu da yawa masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, kuma arahar da ta wuce hankali ita ce alamarsu ta farko.

Hular magina kuwa kada ka kusance ta. An yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba ta da soson da zai tare gefen kai da ƙeya, kuma kafin ka kai ƙasa ta riga ta tashi daga kanka. Ta babur tana da kariya, amma wadda take ta gaskiya nauyinta yakan haura kilo guda, an kuma ƙera ta ne don wanda inji yake ɗauke da shi, ba wanda yake taka feda yana haɗa gumi ba. Waɗancan ƙananan na roba zalla da ake sayarwa a bakin titi kuwa sunan hula kawai suke amsawa.

Abu na ƙarshe, idan ka saya kada ka bar ta a kan keke cikin rana duk yini, ko a cikin mota a rufe, kada kuma ka shafa mata fenti ko ka goge ta da fetur ko kananzir, domin suna cinye soson. Ruwa da sabulu sun isa.

Malamin makaranta a Madina ya amsa:

Ina da ɗan ƙari a kan bayanin Malam mai hawan Aburi, domin ina ganin halin mai tambaya ya bambanta da nasa. Hanyoyin iskar nan suna aiki ne idan keke yana gudu, alhali wanda ke bi ta Circle da ƙarfe biyar na yamma rabin tafiyarsa tsayawa ce a bayan trotro, hayaƙi da zafin kwalta suna tasowa. A irin wannan hali kafofin da ke saman kai suna da muhimmanci kamar na gaba, domin ta nan zafi ke tashi ya fita idan mutum yana tsaye. Saboda haka ni zan ce ya guji hulunan da aka toshe samansu don yanka iska, ko da kuwa masu tsada ne, ya kuma zaɓi fara ko mai haske, wadda ba ta ɗaukar zafin rana kamar baƙa idan an tsaya, kuma direba ya fi saurin hango ta da magariba.

Gumin da ke shiga ido ba kafofi kaɗai ke maganinsa ba. Ya duba matashin goshi, ya kasance mai ɓarewa wanda za a iya wankewa, domin idan gishirin gumi da ƙurar hunturu suka taru a kansa yakan daina tsotse ruwa, ya kuma kawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Siririn ƙyalle mai saurin bushewa da aka ɗaura a goshi yana taimakawa, haka ma yin aski ƙasa-ƙasa. Sai dai mai sanƙo ko mai ƙwalƙwal ya sani cewa rana tana shiga ta kafofin, don haka siririyar hula marar kauri a ƙarƙashi za ta yi masa amfani. Hular zuwa masallaci mai tauri kuwa a saka ta a jaka sai an sauka, domin tana ɗaga hular kwanon daga mazauninta.

Ina kuma so mu faɗa wa juna gaskiya game da iyakar kariyarta. A gwajin Turai ana sako hula ne daga tsayin kusan mita ɗaya da rabi, wato gudun da bai kai kilomita 20 a sa'a ba, wanda ya yi daidai da faɗuwar mai keke da ya faɗa rami ko ƙofar mota ta buge shi. Ba a ƙera ta don karo da babbar mota ba. Birki mai kyau da fitila da lura da direban da ke shirin tsayawa ɗaukar fasinja suna nan a wuyan mai keke, da hula ko babu.

'Yar Tamale a Ashaiman ta amsa:

Sallama gare ku iyaye da yayye. A Tamale na tashi, inda mace a kan keke ba abin kallo ba ce, kuma har yanzu da shi nake zuwa kasuwa. Ba wanda ya yi maganar girma dalla-dalla, alhali hular da ba ta zauna ba ita ce ta fi saurin gundurar mutum cikin zafi. Yayana, ka ari tef ɗin tela ka zagaya kanka da shi ɗan sama da gira, ta wurin da ƙeya ta fi tudu. A yawancin kamfanoni ƙarama takan kama daga santimita 51 zuwa 55, matsakaiciya 55 zuwa 59, babba kuma 59 zuwa 63, amma siffar kai ta bambanta, don haka sai ka saka ka ji. Ta zauna daidai ba ta karkata baya ba, tsakaninta da gira kamar faɗin yatsa biyu, maɗauran gefe su haɗu a ƙarƙashin kunne, na haɓa kuma ya bar wurin yatsa ɗaya ko biyu kawai. Ka murɗa abin matsewa da ke ƙeya, ka sunkuya ka girgiza kai kafin ka ɗaure haɓa. Idan ta zame, ba taka ba ce.

Ga 'yan'uwana mata masu karantawa, ku auna kanku da irin hijabi ko ɗankwalin da za ku hau keken da shi. Siririn hijabi mai saurin bushewa ya fi, a cire allura da fil, a sauko da ƙullin gashi ƙasa zuwa wuya. Kitso ma yana canza girman kai, shi ya sa mai abin matsewa a ƙeya ta fi mana.

Ɗan Nima ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba makaniki da Malamai da 'yar'uwata, Allah ya ƙara ilimi. Na auna kaina, matsakaiciya ce za ta yi mini, kuma na bar maganar gwanjo. A shagon da na leƙa na ga iri biyu masu takardar EN 1078, ɗaya tana da ɗan tambari rawaya da aka rubuta MIPS, kuma ta fi ɗayar tsada sosai. Shin wannan ƙarin ya cancanci kuɗinsa, kuma ba ya toshe iska?

Mai hawan Aburi ya sake amsawa:

MIPS fasaha ce ta wani kamfanin ƙasar Suwidin. Siririn shimfiɗi ne a cikin hular da ke barin ta ta ɗan zame a kan kai kamar milimita 10 zuwa 15 lokacin faɗuwa, domin rage murɗawar da ke girgiza ƙwaƙwalwa idan mutum ya bugi ƙasa a karkace, wanda kuwa haka yawancin faɗuwa take. Jami'ar Virginia Tech ta Amurka tana gwada hulunan keke tana ba su taurari har zuwa biyar, sakamakon yana intanet kyauta, kuma za ka iya neman sunan waɗannan biyun a can. A wasu tsofaffin samfura shimfiɗin yakan rufe wani sashe na hanyoyin iska, don haka kifa ta ka tabbata an yanke shi daidai da kafofin. Idan aljihu ya ɗauka kuma ta zauna maka, ɗauke ta. Idan kuwa zai sa ka jinkirta saye har wani watan, ɗauki ɗayar yanzu, ka sa ragowar kuɗin a fitilar baya da sabbin robobin birki kafin ruwan Afrilu ya sauka.