Siginar da ba ta nan: abin da aka ce a Samaru

Ɗaliban injiniyan lantarki sun yi ta muhawara a teburin mai shayi a Samaru, Zariya, kan Arduino ɗin wani, wato 'yar ƙaramar kwamfutar da ake haɗa na'urori da ita. Wutar gida mai 50 Hz, wato mai kai-komo sau 50 a daƙiƙa, yake aunawa sau 60 a daƙiƙa, allo kuma ya nuna masa 10 Hz. Aliyasin ke nan, wato siginar bogi da ke fitowa in yawan awo ya yi kaɗan.

Aka tuna masa ƙa'idar Nyquist: yawan awo a daƙiƙa ya zarce ninki biyu na mitar sigina mafi girma, a aikace ma gara ninki biyar ko goma. Abin da aka fi nanatawa, kuma da gaskiyarsu, shi ne matatar resista da kafasita kafin ƙafar ADC, sashen da ke mai da sigina lambobi, domin bogi in ya shiga, lissafi ba ya fitar da shi. Lokacin awo kuwa, a bar wa taima, agogon da ke cikin Arduino.