pip ya ƙi girka min komai a Ubuntu 24.04, ina mafita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a agaza min. Na sa Ubuntu 24.04 a laftof ɗina saboda aikin makaranta, ina son laburaren Python na pandas da requests. Da na rubuta `pip install pandas` sai ya watso min `externally-managed-environment`. Na ƙara sudo, ba ta sauya zani ba. A Ubuntu 20.04 haka nake yi kuma yana tafiya lafiya lau.

Wani memba: Wa alaikumus salam. Ƙara `--break-system-packages` a ƙarshe, zai wuce. Ni haka nake yi.

Admin: Malam, wucewa kam zai wuce, amma dubi sunan abin da ka ba shi, izinin ɓarna ne ƙiri-ƙiri. Ita kanta Ubuntu da wannan Python ɗin take gudanar da wasu manhajojinta, kuma apt, mai girka manhajojin Ubuntu, shi ne ya zuba musu laburaren da suke buƙata. Idan pip, mai girka laburaren Python, ya kawo wata siga ta sha gaban wadda apt ya sa, wata rana wani abu zai tsaya cak, ka rasa ta inda aka hau. Don haka aka fito da ƙa'idar PEP 668 mai hana pip taɓa Python ɗin da tsarin ke aiki da shi, Debian 12 da Ubuntu 23.04 suka fara aiki da ita a 2023. Kwamfutarka ƙalau take, ɗan'uwa.

Fara da `sudo apt install python3-venv`. Shiga foldar aikinka ka rubuta `python3 -m venv .venv`, wanda zai ƙirƙiri keɓaɓɓen wurin Python na aikinka mai suna .venv, sannan `source .venv/bin/activate`. Za ka ga sunan .venv ya fito a farkon layi. To nan ne za ka yi `pip install pandas requests`, ban da sudo. In ka gama, `pip freeze > requirements.txt` zai rubuta maka duk abin da ka girka da sigarsa, ko malaminku ya nema.

Wata 'yar'uwa: Ƙari a kan na Admin, saboda tsadar data. In ku da yawa ne a aikin, mutum ɗaya ya yi `pip download -r requirements.txt -d kaya`, ya zuba foldar a filash. Sauran su yi `pip install --no-index --find-links kaya -r requirements.txt`, ko kobo ba za su kashe ba. Sai dai sigar Python da irin tsarin kwamfutar su zo ɗaya, don pandas da numpy (laburaren da pandas ke zuwa da shi) kowane tsari da nasa fayil. Na Windows ba zai hau Ubuntu ba. Kuma kada a kwafi .venv ɗin kansa, yana riƙe da adireshin foldar mai shi.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri, ya girku. Amma da na rufe terminal na sake buɗewa sai ga `ModuleNotFoundError`.

Admin: Laburaren suna nan, ba inda suka je. Duk lokacin da ka buɗe sabon terminal sai ka sake `source .venv/bin/activate`. In da VS Code kake aiki, zaɓi Python na cikin .venv sau ɗaya, zai riƙe.