Kwan fitila a ɗaki wai shi ma fasaha ne? Ku fahimtar da ni

Ɗan Anguwan Rogo:
Salam jama'a. Ƙanwata ce ta nuna min hoton aikin wata mata 'yar Sikotland, Katie Paterson, kwan fitila ɗaya tal a rataye a ɗaki, haskensa irin na farin wata, shi ke nan fa, kuma wai har zuwa kallo ake. Mu da in an ce fasaha sai mu tuna kawunan yumɓu na mutanen Nok da ke gidan tarihi nan Jos, to wannan ina aikin hannun yake don Allah?

Malam na Gangare:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai ba guda ɗaya ba ne, 289 ne, a 2008 ta yi aikin, kowane kwai yana cin awa 2,000 kafin ya mutu, in ka buga lissafi zai ba ka shekara 66, wato matsakaicin shekarun da ɗan adam ke yi a duniya a ƙididdigar lokacin. Ɗaya ne ke ci, sauran suna jere suna jiran layi, in ya ƙone a ɗauko na gaba. Kai da ka shiga ɗakin kana ganin abin da ya rage da idonka, kuma ba a ƙarawa. Mu da muke ƙirga azumi da idda da takaba da wata bai kamata abin ya zame mana baƙo ba.

Maman Ilham:
Hhhh Malam da wutar nan tamu ce wlh shekara 66 ɗin sai jikoki sun gada. Ni wani aikinta na 2007 ya fi taɓa ni, ta ɗauki wani kiɗan fiyano na Beethoven ta mayar da shi saƙon Morse, wato na ɗigo da zane, aka harba wa wata ta rediyo ya dawo, to wani sashen ya ɓace a ramukan watan bai dawo ba, ita kuma ba ta cike gurbin ba, haka fiyano mai kaɗa kansa yake bugawa yana yi yana tsayawa. Duk wanda ya yi rashi ya san wannan, muryar mamaci kana tuna rabi, rabin ya tafi.

Injiniya Bukuru:
Ni dai ina tare da mai tambaya, kwan fitilar kamfani ne ya ƙera, ita tunanin ta kawo. In aikin hannu kake nema duba El Anatsui, ɗan Ghana da ya koyar a jami'ar Nsukka daga 1975 zuwa 2011, murafan kwalabe yake sa a daddake a ɗinke da wayar tagulla, a 2023 ya rataya wani ƙaton aiki mai siffar jan wata a gidan baje kolin fasaha na Tate Modern da ke Landan. Wannan ko kakata ta gani za ta ce an sha wahala.

Ɗan Anguwan Rogo:
Na gode Malam, lissafin 66 ɗin ya ɗan shige ni gaskiya. Amma Injiniya, in wahala ce ma'auni ai masu fasa dutse a hanyar Bukuru sun fi kowa.