Mi za mu ce ma injin gahawa mai liba da Hausa?

Na Ƙofar Sauri: Salamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu Hausa a baki. Akwai wani injin haɗa gahawa da Turawa ke ce ma "lever espresso machine", ina so in yi rubutu kan ko ya cancanci uban kuɗin da ake zuba mashi, don matasanmu masu son buɗe wurin shan gahawa cikin Katsina sun fara tambaya, amma suna ya tsaida ni. Injin kofi ba zai yi ba, tunda a wajenmu kofi shi ne abin da ake sha da shi. Bari in faɗi yadda yake aiki ko wani ya samo mana kalma. Esfireso gahawa ce mai kauri ta mutanen Italiya, 'yar kaɗan ce, kurɓa biyu uku ta ƙare. Ana niƙa 'ya'yan gahawa su yi laushi, a danƙare garin cikin wani ɗan gwangwani mai ƙananan huji, sai a tura ruwan zafi da bai kai ga tafasa ba, wajen digiri 90 zuwa 96, ya ratsa garin da ƙarfin tsiya cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Yawancin injinan yau famfon lantarki ke tura ruwan. Shi wannan kuwa wani dogon ƙarfe gare shi, kai za ka kama ka ja da hannunka.

Bakanike a Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam yallaɓai. Ai sunan na nan tuntuni, liba muke cewa a gareji, giya liba, taya liba, ba yaron shagon da bai san ta ba. Ka ce injin gahawa mai liba kawai. Amma ƙarfin nan da kake faɗi nawa ne?

Na Ƙofar Sauri: Wajen ba 9 ne oga, wato "bar" da Turanci, ma'aunin ƙarfin matsi irin na iskar taya.

Bakanike a Ƙofar Ƙaura: Kai! Tayar ƙaramar mota ba 2 da 'yan kai mai faci ke ba ta, wato wannan ya ninka ta wajen sau huɗu kenan. To lallai akwai fistin da robobi a ciki, kuma duk abin da ke da robobi sai an riƙa canza su, wannan ka sa shi cikin lissafin kuɗin tun yanzu.

'Yar Daura: Yaya ni dai da na karanta bayaninka tuƙa-tuƙa ce ta faɗo mani, famfon da muke ɗibar ruwa a unguwa. Ƙarfe ne dogo, ka kama ka danna ruwa ya fito. Tuƙa-tuƙar gahawa, ko tsohuwa aka faɗa ma za ta gane.

Na Ƙofar Sauri: Ƙanwata sunan ya yi daɗi a baki wallahi, abin da ya hana ni ɗauka shi ne maimaicin da ke cikinshi. Tuƙa-tuƙa yi ake ta yi sama ƙasa sama ƙasa har bokiti ya cika, wannan kuwa ja ɗaya ne a hankali, in ka yi ta buga shi kamar famfo garin da ka danƙare zai tsage, ruwa ya samu hanya ya wuce ta gefe guda, abin da zai sauko tsararo ne mai tsami. Kuma iri biyu ne. Akwai mai sifirin, kai aikinka ka ja ƙarfen ƙasa ka matse sifirin ɗin, in ka saki shi ke tura ruwan, ya fara da ƙarfi yana sassautawa. Shi ne wanda Achille Gaggia na birnin Milan ya fito da shi tsakanin 1947 da 1948, kafin nan da tururi ake yi, ƙarfin bai wuce ba 2 ba kuma gahawar na ɗan ƙauri. Injin Gaggia ne ya kawo kumfar nan mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke kwanciya a saman kofin. Sai iri na biyu wanda ba sifirin, damtsenka ne kaɗai, irin La Pavoni Europiccola da ta fito a 1961. A shekarar ce kuma Faema E61 mai famfon lantarki ta fito ta kwashe kasuwa, ko da yake har gobe mutanen birnin Napoli a Italiya na riƙe da mai liba a shagunansu. Oga bakanike, liba ɗinka ta yi, amma ta faɗi abin da ake kamawa ne kawai, ba ta faɗi mi injin ke yi ba.

Hajiya mai ƙuli, Rafindaɗi: Ɗana wannan ai matsa ce. Mu da muke matsar mai mun san in ƙullin gyaɗa bai yi daidai ba ko ka kwana kana murzawa mai ba zai tashi ba. Ku nemo sunan daga matsa.

Malamar Hausa, Daura: Hajiya ta kusa, Allah ya ƙara girma. Sai dai in muka bi ƙa'ida daga matsa za mu samu mamatsi, kuma bakin Bahaushe ba zai so shi ba, ga shi yana kama da matsatsi. Ni ina ganin tatsa ta fi. Duba yadda abin ke fitowa, ba zuba yake ba, ɗigo yake farawa sannan ya zama siririn zare, kuma hannu ne ke lallaɓa shi, in ka yi gaggawa ka ɓata, in ka yi sanyi ka rasa. Wannan tatsa ce sak. Hausa kuma ta riga ta shirya mana hanya: kayan aiki na ɗaukar ma- a gaba da -i a ƙarshe, mabuɗi, magirbi, mataji, masassabi. Wurin aiki kuma -a, mahauta, marina, majema. To injin shi ne matatsi, matatsin gahawa. Shagon da ake sayar da ita in ana so a ce matatsa. Ita kanta gahawar tatsattsiya. Ka ga an jefi tsuntsu uku da dutse ɗaya.

Bakanike a Ƙofar Ƙaura: Malama ai matatsi mai tatsar saniya ne.

Malamar Hausa, Daura: Haka ne malam, a rubuce ɗaya suke, karin sauti ke raba su, kamar yadda mabuɗi ke iya zama makulli ya kuma zama mutumin da ya buɗe. Da ka ce matatsin gahawa ba mai kai hankalinshi ruga. Mai famfo a ce matatsi mai famfo, wannan kuma matatsi mai hannu, ko mai liba don kada a bar ku a baya.

Mai shayi a Ƙofar Marusa: Ranka ya daɗe ku bar mu da suna tukuna, a saya ko kar a saya? Ni abin da ya kawo ni kenan.

Na Ƙofar Sauri: Malama na karɓa hannu bibbiyu, matatsi mai hannu. Kuma sunan da kanshi ya ba mai shayi rabin amsa, don aikin a hannun mutum yake, kuɗin injin ba ya sayen gwaninta. Ga ra'ayina tsakani da Allah. La Pavoni sabuwa ta kan tasam ma dala 1,000, Olympia Cremina ta Suwizalan ta haura dala 3,000, kai ka buga da canjin yau ka ɗora kuɗin kawowa da na kwastan. Ƙarfe ne mai kyau ba ƙarya, ba kwamfuta a ciki, ba famfon da zai ƙone, akwai waɗanda aka ƙera tun shekarun 1970 har yau suna aiki, robobi kawai ake canzawa kamar yadda oga ya faɗa. Amma ga mai sana'a irinka ban ba da shawara ba ko kaɗan. Ƙananan nan na gida ne, in ka tatsi kofi biyu uku a jere kan injin ya ɗau zafi ya fara ƙona gahawar, sai ka jira ya huce, to ina ga zafin Afrilu a Katsina da mutum goma zaune kan benci kowa na jiran nashi. Ga wuta, hitar ciki na jan wajen wat 1,000, ƙaramar inbata ba za ta ji daɗi ba. In kuma daga Amurka za a aiko maka ka tabbatar ba mai bolt 120 ba ne, namu 230 ne, kana jonawa ka yi asara. Sai ruwa. Farin abin nan da ke kama gindin butar shayinka in kana amfani da ruwan bohal, shi zai toshe cikin tukunyar injin, dole a nemi ruwa marar zartsi a kuma riƙa wankewa da tsami lokaci-lokaci.

Babban abin da mutane ba su lissafawa shi ne injin niƙa. Nescafé ba ta shiga matatsi, ita narkewa take. Garin da aka niƙo tun daga waje ya kwana wata da watanni a leda shi ma ba zai ba ka komai ba. 'Ya'ya kake so waɗanda aka soya cikin 'yan makonnin nan, ko na Mambila a Taraba ko na Habasha, ka niƙa lokacin da za ka sha, da injin da za ka iya ƙara laushi ko rage shi kaɗan-kaɗan, ga ɗan sikeli mai auna giram. Wanda ya zuba duk kuɗinshi a matatsi ya bar niƙa ga bilenda zai sha abin da bai kai na shago ba.

'Yar Daura: To yaya wanda dai yana so a gida fa, shi kaɗai?

Na Ƙofar Sauri: Shi ya fara da irin su Flair ko Cafelat Robot. Su ma matatsi mai hannu ne amma ba tukunya ba waya, ka tafasa ruwanka kan gas ko gawayi ka zuba ka danna, a ɗauke wuta a kawo ba ruwanka, kuma akwai Flair ta ƙasa da dala 200. Lokacin hunturu dai ka fara ɗauraye ƙarfen da ruwan zafi ya ɗumama, in ba haka ba zai shanye zafin ruwan gahawar ta yi tsami. Ragowar kuɗin a sa a injin niƙa. In ya shekara yana tatsa kullum bai gaji ba, to sannan maganar mai tsada ta taso.

Mai shayi a Ƙofar Marusa: Na gane ranka ya daɗe. Malama to kumfar saman fa, ita mi za mu ce mata?

Malamar Hausa, Daura: Kumfa ta ishe ta malam, ba sai mun ƙirƙiro ba. Wanda ya so ya bambanta ta da ta madara ya ce kumfar tatsattsiya.