Masu riƙe allon talla a Wuse: nawa ake biyansu, kuma yana kawo ciniki?

Mai Gyaran Waya: Assalamu alaikum. Shagona yana hawa na biyu a wata filaza kusa da Banex, mai wucewa ta ƙasa ba ya ganinsa. Na ware N60,000 don talla. In ɗauki yara biyu su riƙe allo a bakin titi na mako biyu, ko in buga takardun rabawa? Nawa ake biya a yini, kuma wane girman allo ya dace?

Baban Khalifa: Wa'alaikumus salam. Zuba kuɗin a tallan Facebook ka huta.

Mai Fenti: Malam, allo yana aiki in an yi shi daidai. Ƙafa 2 a faɗi, 3 a tsawo, kada ya wuce haka. Ban da filawud, kafin azahar nauyinsa ya gama da yaro. A nemi robar nan mai ramuka a ciki, a manna sitika. Baƙin rubutu a kan rawaya, kalmomi kada su wuce bakwai: GYARAN WAYA, HAWA NA 2, sai kibiya. Inci ɗaya na tsawon harafi yana karantuwa sosai daga ƙafa 10, don haka inci 4 zuwa 5 ya ishi mai tafiya a ƙasa. Lambar waya alƙaluma 11 ce, direba ba zai kwashe ta ba sai danja ta tsayar da shi. In na ratayawa ne gaba da baya, a sa maɗauri mai faɗi da soso a kafaɗa, igiya tana yanka fata. Allo mai sanda kuma, iskar farkon damina tana fizge shi.

Hajiya Mai Atamfa: N4,000 ne a yini, da abincin rana da fiya wata. Ba yini cur ake tsayuwa ba: ƙarfe 8 zuwa 11, sai 4 zuwa magariba. A watan Maris zafin Abuja yana haura digiri 35, wanda aka bari a tsakar rana inuwa zai nema ya kifa allon.

Ɗan Utako: Hajiya, wannan tsohon farashi ne. Yanzu ƙasa da N7,000 ba mai tsaya miki.

Kawu: Ku bar zancen farashi, ku tambaya ko kuɗin yana isa hannun yaron. Ɗan ƙanwata wani dillali ya ɗauka, su shida, tallan filaye, a kan N5,000 kullum, biya sai an cika kwana goma. Babu takarda, babu shaida. Tun safe a tsibirin tsakiyar titi, hayaƙin mota yana shigar masa ido. Rana ta shida aka zo kame, aka kwashe alluna, yaran suka watse. Da suka je karɓar haƙƙinsu dillalin ya ce kuɗin allo N25,000 ne, a cikin ladansu zai cire. Ladan kwana shida N30,000, saura N5,000, ita ma ya ce sai kamfani ya biya shi. Yau wata uku, wayarsa a kashe. Yaron kafaɗa duk ta saɓule, da bashi ya yi ta shiga mota daga Mararaba. Allah ya isa.

Maman Iman: Innalillahi. Allah ya saka masa. Biyan yini-yini shi ne kawai, hannu da hannu, ba ɗan tsakiya.

Ɗan Utako: Kawu, ai da ma dillalin ya san ba shi da izini. Alluna da talla a waje a Abuja suna ƙarƙashin DOAS ne, sashen hukumar birnin tarayya, AEPB kuma, hukumar kare muhalli ta Abuja, ita ke hana talla da kasa kaya a titi. Mai shago ne zai je ya tambaya kafin ya fitar da yaro, ya ba shi kwafin rasit a aljihu. Kuma a yi magana tun farko: in an ƙwace allo, asarar mai kaya ce.

Auta: Ku ba ni aikin, dogo ne ni, ba sai an sa wa allon sanda ba. Rangwame kenan.

Hajiya Mai Atamfa: Mai Fenti dai allo yake sayarwa, dole ya yabi allo. A tambayi masu biyan kuɗin.

Mai Fenti: Haba Hajiya, wanda ake dawo wa da allon in ya karye ai shi ya san inda yake karyewa. Ga gwaji mai sauƙi: a rubuta a ƙasa cewa wanda ya ambaci allo za a rage masa N500. Cikin kwana uku an san gaskiya.

Mai Gyaran Waya: Na gode. To amma yara biyu, kwana 12, ko a N4,000 ai N96,000 ne, ban da allon. In ɗauki ɗaya kenan? A ƙofar filaza zai tsaya ko a mahaɗa?

Kawu: Ko ɗaya ko biyu, ka biya shi kafin guminsa ya bushe.

Baban Khalifa: Lissafin duk kuɗin mota ne ya ɓata shi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wanda ke Nyanya ko Mararaba kusan rabin ladan a hanya yake ƙarewa.

Maman Iman: Da safe wani kuɗi, da yamma wani. Hadari ya haɗo kuwa, sai direba ya ninka.

Ɗan Utako: Ku je mahaɗar Berger ƙarfe 6 na yamma ku ga mutane. Daga Kubwa nawa kuke biya yanzu?