Asmar ɗana da ƙwarin cikin ƙura, ta ina zan fara?

Uwar Biyu:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa 7 yana da asma, da rana lafiyarsa lau yana ta wasa amma da ya kwanta sai tari da kukan ƙirji, da asuba kuma atishawa ba ƙaƙƙautawa hanci a toshe. An masa gwajin fata a asibiti, likita ya ce jikinsa baya jituwa da wasu ƙananan ƙwari da ke cikin ƙurar ɗaki, wai a katifa da filo suke zama. Ni wallahi sau biyu nake share ɗakin nan kullum, ban taɓa ganin ƙwaro ko ɗaya ba. Me zan yi?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ai ba za ki gansu ba, girmansu bai kai rabin milimita ba sai da madubin likita, kuma ba ƙazantarki bace, kusan ko wane gida akwai su. Ba sa cizo. Abincinsu ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikinmu, shi yasa gado ne gidansu, ga ɗumi ga gumi ga abinci. Kashinsu da gawarsu ne yaron ke shaƙa in ya kifa fuska a filo duk dare. Ba sa shan ruwa, laimar iska suke zuƙa, in laimar ɗaki ta sauka ƙasa da kashi 50 cikin ɗari sai su kasa yaɗuwa, don haka a dinga buɗe taga iska na ratsawa, kar a shanya jiƙaƙƙen kaya a ɗakinsa.

Maman Yara:
'Yar uwa na sha wannan wahalar da 'yata, ki fara da gado tukunna ki bar sauran. Zanin gado da rigar filo da bargo duk sati ki wanke da ruwan zafi sosai wajen digiri 60, ruwan sanyi yana wanke dattin amma baya kashe su yadda ya kamata, sannan ki bari su bushe ƙarau a rana. Akwai rigar katifa da ta filo mai zif wadda saƙarta ta matse sosai ƙwarin basa iya fitowa, ita na saka. Kuma shara da tsintsiya ɗin nan kinga tada ƙurar kawai take yi, ni na koma mofa da jiƙaƙƙen tsumma, in ana gyaran ɗaki kuma tana waje sai ƙura ta lafa. Kafet na naɗe shi gaba ɗaya, labule mai kauri na canza da mara nauyi mai wankuwa. 'Yar tsanarta mai gashi kuwa kuka ta dinga yi da na ce zan yar, sai na ɗaure a leda na saka a firiza awa 24 sannan na wanke, sanyin yana kashe su wankin kuma ya fitar da kashin.

Baban Imam:
Duk gaskiya ne amma dan Allah kar ki ajiye masa inhela don kin ga sauƙi, musamman ta kariya wadda ake shaƙa kullum. Ba a raba gida da ƙwarin nan kwata-kwata, ragewa ake, kuma abu ɗaya kaɗai kamar rigar katifa bai cika isa ba sai an haɗa da sauran, sauƙin ma yakan ɗau makonni. In kina da injin zuƙe ƙura ki duba ko mai matatar HEPA ne, wato matata mai riƙe ƙura har ƙanana sosai, wani injin ta baya yake maido ƙurar. In kika ga numfashi na masa wuya har magana na gagara, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne.

Uwar Biyu:
Nagode sosai Allah ya saka da alheri. Gobe zan naɗe kafet in sha Allah. Maman Yara ita rigar katifar ana cirewa a wanke duk sati ne ko zanin da ke kanta kawai?